Kifin da Ya Ciji Takwara

Talata

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da Takwara. Mu nan lafiya ƙalau, sai godiyar Allah. Inna tana gaishe ki, ta ce in tambaye ki ko hanyar gidanmu ce ta ɓace miki, don wata bakwai ke nan rabonta da ganin takwararta. Ni dai na isar da saƙo, kya ji da ita.

Ga kwali nan na ba direba. Ki buɗe a gabansa, don wancan karon ya ɗora mana buhun albasa a kai, furannina suka koma kamar an taka su. Sabulu sittin ne na shagonki: talatin masu siffar fure, ashirin masu ratsin gawayi, goma farare masu busasshen ganye a ciki. A can ƙasa kuma, cikin tsohon ɗankwalin Inna, akwai kifaye biyar. Waɗannan ba na sayarwa ba ne, ko matar wa ta zo tana roƙo. Na Takwara ne. Inna da kanta ta sassaƙa su da ƴar wuƙarta, kwana uku tana zaune bakin taga tana fitar da ɓawon jikinsu ɗaya bayan ɗaya. Na ce Inna, yarinya ƴar shekara huɗu ina ruwanta da ɓawon kifi? Ta ce ke da ba ki da takwara ina za ki sani.

Kitsen wannan karon sai wanda ya gani. Mahaucin nan mai gemu ya ware min na gefen ƙoda, fari tas. Sau uku na narka shi ina tacewa, ina wanke shi da ruwan gishiri, har kyanwar maƙwabta ta zo ta shinshina ta juya abinta. Ki gaya wa matan nan naki masu cewa sabulun kitse yana ƙarni su zo su sa hanci. Ko da yake na ji an ce ba wanka suke yi da shi ba, a kabad suke jerawa baƙi su gani. Allah ya ƙara musu kabad.

Sodar da muka saba saya, mai faɗi-faɗin nan, ta yi ɓatan dabo a kasuwa. Sai wata na samu mai ƙananan ƙwayoyi kamar sukari. Mai shagon ya ce soda soda ce, duk uwa ɗaya uba ɗaya. Ta ma fi saurin narkewa. Na auna da gwangwanin Inna yadda aka saba, gwangwani ɗaya ga kwano ɗaya na kitse, kuma haɗin ya kama da wuri, ban sha wuyar juyi ba.

Kwana arba'in cur sabulan suka yi a kan kanta a ɗakin baya, ina juya su duk bayan kwana uku. Jiya Inna ta zauna a kujerarta, na miƙa mata ɗaya daga kowane layi, ta taɓa da harshe, ta lumshe ido ta ce ya yi. Kin san dai dokar gidan nan, sabulu ba ya ƙetare ƙofa sai ta faɗi haka.

Jikinta da sauƙi sosai. Ƙafar da ciwon bara ya taɓa ta fara ɗaukarta har tsakar gida ba sanda. Sai dai mita. Kullum girkina ba gishiri, kullum ba gishiri. Shekara nawa ina dafa mata, yanzu ne na manta hanyar gishiri! Har na ajiye mata nata a gefen tabarma, ta barbaɗa son ranta.

Ki sumbaci Takwara, ki ce mata na ce kada ta cinye kifin.

Taki,
Yaya

*

Asabar

Yaya,

Salamu alaikum. Daga bencin asibiti nake rubuto miki, a kan cinyata, don haka ki yi haƙuri da rubutun.

Kwali ya iso ranar Laraba. Ranar Alhamis da hantsi na zuba wa Takwara ruwa a baho, na ba ta kifi ɗaya. Murna kamar ta haɗiye shi. Sai aka ƙwanƙwasa ƙofar shago, na leƙa in sallami mai saye. Ban fi minti goma ba. Ita kuwa ta murza kumfa ta lafta a kumatu da wuya, wai gemu take yi irin na babanta, ta zauna tana jira in zo in gani.

Ihunta na ji daga shago. Wallahi Yaya ban taɓa jin yarinyar nan ta yi irin wannan kukan ba. Na tarar da fuskarta ja jawur, tana murza ido da hannu mai kumfa. Na yi ta kwarara mata ruwa har ruwan randa ya ƙare, na goya ta ba ko mayafi na fita titi. Zuwa jiya fatar kuncinta na hagu da gefen wuya ta saluɓe. Idon hagun ya kumbura ya rufe, likita ya ce sai kumburin ya sauka zai san abin da ke ciki. Ya tambaye ni wane irin maganin wankin bayan gida na bari a inda yaro zai kai hannu. Na ce masa sabulu ne, na gidanmu. Kallon da ya yi min ba zan manta da shi ba.

Da na koma gida ɗebo kaya, na ɗauki kifi na biyu na taɓa da harshe yadda Inna ta koya mana. Kamar rina ta harbe ni. Na gwada fure, na gwada mai gawayi, duk haka. Guda bakwai na riga na sayar. Na bi gida-gida ina sallama ina karɓowa, ina ba da haƙuri. Allah ya taimake ni ba wadda ta kai ga wanka da shi, sai ɗaya da ta wanke hannu, tafinta ya yi ta zafi.

Kin san abin da take faɗa wa duk ma'aikaciyar da ta zo duba ta? Kifin Kaka ya cije ni. Jiya ta tambaye ni ko Kaka fushi take yi da ita don ba ta zo ba.

Kada ki gaya wa Inna tukuna, kin san jininta ba ya son tashin hankali. Amma ni ki gaya min. Me kika zuba a sabulun nan? Ina son amsa da motar Talata, kuma ba na son karin magana.

Auta

*

Talata

Auta ƙanwata,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina miki sannu, ina yi wa maigidan sannu. Allah ya ba Takwara lafiya, ya tsare mata idonta. Tun da direba ya miƙo min takardarki ban sa loma a bakina ba. A tsaye na karanta ta bakin ƙofa.

Ba zan yi miki kwana-kwana ba, na gano abin da ya faru. Akwai gutsattsarin da suka rage daga sassaƙar kifin, na tara su a kwano don wanke-wanke. Na taɓa ɗaya da harshe, na ji abin da kika ji. Na zauna ina ta lissafi a raina: kitsen lafiya, ruwan lafiya, kwana arba'in sun cika ba ragi. Sai soda ta faɗo min.

Na zazzage tsohon buhu, na samu ragowar tsohuwar soda a lungunsa, ta cika gwangwani da ƙyar. Na ƙulla ta a leda. Na cika gwangwanin da sabuwa, ita ma na ƙulla. Na tafi wurin mahauci na ce ya ɗora min su a sikelinsa. Yana ta yi min ba'a wai yau kuma sukari na koma sayarwa. Ya ɗora ta farko, ya ɗora ta biyu, sai dariyar ta tsaya masa. Auta, sabuwar ta fi tsohuwar nauyi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Gwangwani ɗaya, cika ɗaya. Ita tsohuwar, da yake faɗi gare ta, ba ta kwanciya sosai, iska ce rabin gwangwanin. Sabuwar kuwa tana shiga kowane lungu ta zauna dam. Shekara arba'in Inna tana awo da gwangwanin nan bai taɓa cin amanarta ba, don shekara arba'in soda iri ɗaya take saya. Ni ce na canza soda ban canza awo ba. Kitsen ya ci abin da zai iya ci, sauran sodar ta zauna a cikin sabulun tana jiran fatar yarinya. Ko kwana ɗari ya yi a kanta haka zai fito.

Shi ya sa haɗin ya kama da wuri. Ni kuma har murna nake yi, ina cewa ban sha wuya ba. Kaico na.

Akwai wasu tamanin a kanta da na haɗa da sodar nan, yau kwanansu ashirin. Na kwashe su duka a buhu na kai bayan gida na haƙa rami. Inna ta ga kantar wayam ta tambaya, na ce mata ɓera ne ya ɓata su. Ta dube ni ta ce ɓeran nan ƙato ne. Maganar Takwara kuwa ban gaya mata ba, kamar yadda kika ce.

Laifina ne, na ɗauka. Ki ce wa maigidan ina neman gafararsa. In kin yarda, in bar Inna wurin Malama ta maƙwabta kwana biyu in biyo direba, ko wankin kayan asibiti ne in riƙa yi miki. Ki rubuto min halin da idon yake ciki, don Allah, ko layi ɗaya ne.

Yayarki

*

Asabar

Yaya,

Salamu alaikum. Idon ya buɗe ranar Laraba, kuma tana gani da shi. Alhamdu lillahi. Kuncin ne likita ya ce zai bar tabo, faɗin kamar yatsu biyu, daga gefen kunne zuwa haɓa. Ya ce wataƙila ya dushe in ta girma. Wataƙila. An sallame mu, muna gida. Ba ta yarda a kawo sabulu kusa da ita, ko wane iri, da ruwa zalla nake mata wanka tana maƙale da wuyana.

Na karanta takardarki sau uku. Bayanin gwangwani ya shiga kaina sarai. Amma Yaya, ni ma a gidan nan na tashi, kada ki mayar da ni baƙuwa. Gwangwani ya gaya min yadda soda ta yi yawa. Bai gaya min yadda sabulun ya fita daga gida ba. Ai saboda irin wannan ranar aka kafa dokar lasa. Kin tuna shekarar da Inna ta zubar da tukunya guda ana gobe kasuwa, Baba yana faɗa, ta ce gara a kwana da yunwa da a ƙona ɗan wani? Harshen da ya kama wancan, da ƙyar ma ake jin cizonsa, shi ne zai kasa kama wannan da ya ɗaye min fatar baki?

A takardarki ta farko kin rubuta cewa Inna ta taɓa da harshe ta ce ya yi. Tana nan a hannuna. A ta biyu kin bi ta kan kitse, kin bi ta kan ruwa, kin bi ta kan mahauci da sikelinsa, amma kin tsallake wannan kamar rami. Don haka zan tambaye ki a fili: Inna ta lasa ko ba ta lasa ba?

Na san ki da gaggawa tun muna yara. Kuskuren awo zan iya yafewa, kowa yana kuskure. Amma in direba ne ya yi miki hon kika kwashe kaya ba ki kai mata ba, sannan kika zauna kika rubuta min cewa ta lasa, ni kuma na ɗauka na miƙa wa ƴata da hannuna, to wannan wani abu ne dabam.

Baban Takwara ya ce ko tsinke kada ya sake shigowa gidansa daga wurinki. Ban ba shi amsa ba tukuna. Amsarki nake jira.

Kada ki zo.

Auta

*

Talata

Auta,

Wa alaikumus salam. Na yi sujada da na ji ido ya tsira. Allah ya dushe tabon.

Kin yi tambaya, ga amsa. Inna ba ta lasa ba. Ranar tana barci, direba yana jira, na ga kwana arba'in sun cika, na ce ba komai. Abin da na rubuta miki sabo ne ya rubuta shi, don kullum haka nake rubutawa. Ba ruwan Inna a ciki ko kaɗan. Sassaƙa kawai ta yi.

Abin da maigidan ya yanke daidai ne, ba zan ga laifinsa ba. Duk abin da kika yanke ke ma na karɓa. Abu ɗaya nake roƙo, ki bar tsohuwar nan a cikin rashin saninta. Kuma kada fushina ya hana ki kawo mata takwararta in ta warke. Ranar da za ku zo ki aiko, zan bar gidan in yini a wani wuri.

Yaya

*

Asabar

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Inna, ina gaishe ki da girmamawa, ina fatan jiki yana ƙara sauƙi. Na ce wa direba ya ba ki takardar nan hannu da hannu, ki kira Malama ta karanta miki, ba Yaya ba.

Na so in ɓoye miki, amma na ga ɓoyewar ba ta da amfani. Takwararki ta ƙone a fuska, mako biyu ke nan da kwana biyu. Ki kwantar da hankalinki, ta samu sauƙi, idonta lafiya, tana cin abinci tana wasa. Tabo ne zai rage a kunci. Sabulun da aka aiko ne ya ƙona ta, cikin kifayen da kika sassaƙa mata. Soda ce ta yi yawa. Ba laifinki ba ne, Inna. Yaya ta amsa da bakinta cewa ba ta kawo miki kin lasa ba, kina barci ta kwashe ta ba direba, sannan ta rubuto min cewa kin lasa kin ce ya yi. Da sunanki ta rufe ni.

Na yanke hulɗar sabulu da ita, kuma gaskiya ban san ranar da zan iya kallon fuskarta ba. Abin da ke hana ni sukuni yanzu ke ce. Wadda za ta yi wa yarinya wannan gangancin don direba yana hon, ita ce ke ƙirga miki ƙwayoyin magani safe da yamma. Mun yi shawara da Baban Takwara. Ɗakin da ke kusa da namu mun share shi, an sa katifa, taga tana kallon tsakar gida. Asabar mai zuwa zai zo da mota ya ɗauko ki. Ba sai kin haɗa kaya da yawa ba.

Takwara tana tambayarki kullum. In kin zo za ta tabbata ba fushi kike yi da ita ba.

Ƴarki mai biyayya,
Auta

*

Talata

Auta,

Ina amsa sallamarki. Malama ce ke rubutu, ni ke faɗa, kuma na ce mata in ta gyara min magana ko ɗaya ban yafe ba.

Ki ce wa mijinki ya bar motarsa inda take. Ba inda za ni.

Yayarki ƙarya ta yi miki. Ba a takardar farko ba, a ta ƙarshe. Ban yi barci ba ranar nan. Ina zaune a kujerata ta miƙo min fure, ta miƙo mai gawayi, ta miƙo fari, ta miƙo kifi. Duk na sa a harshe. Na ce ya yi. Ni na faɗa, da bakin nan.

Auta, harshena ya mutu. Tun ciwon bara. Ƙafa ta dawo, hannu ya dawo, shi bai dawo ba. Zuma da toka duk ɗaya ne a bakina, ruwan zafi da na sanyi sai in na ga tururi. Ranar da aka fara kawo min sabulu bayan na tashi daga ciwon, na lasa na ji kamar na lashi katako. Na buɗe baki zan faɗa, sai na ga yayarki tsaye tana jira da kwali a hannu, yadda ku biyun kuke tsayawa tun kuna ƙanana. Sai na ce ya yi. Aka dace ya yi ɗin. Na biyu ma aka dace. Na ce a raina ai gwangwanina ba ya kuskure, lasar nan al'ada ce kawai, wa zai sani.

Kin san abin da ya hana ni faɗa? Tukunya ta fi ƙarfina, na bar wa yayarki. Kasuwa na bar miki. Babanku ya tafi. Abin da ya rage da ake tsayawa a jira ni a gidan nan shi ne in ce ya yi. Na ji tsoron in na faɗa, in koma tsohuwar da ake ajiye wa abinci a gefen tabarma. Shi ke nan dalilin, ba wani. Son kai ne, kuma ƴar shekara huɗu ce ta biya.

Wannan karon na daɗe da kifin a baki ina jira ko zan ji wani abu. Washegari na ga fatar harshena a madubi ta yi fari ta ɗaye. Na ce shayi ne ya ƙona ni. Zuciyata ta gaya min ba shayi ba ne, na danne ta. Lokacin direba bai wuce awa uku da tafiya ba. Da na yi magana da an bi shi.

Ranar da ɓera ya cinye sabulu tamanin, yayarki ta haɗa min shayi da la'asar. Ta juya min baya, amma harshena ne ya mutu, ba idona ba. Na ga gwangwanin da ta ɗebo, na gishiri ne, cokali uku. Ta kawo, ta tsaya a kaina. Na shanye tas na ce Allah ya yi albarka, sukarin ya ji. Ta karɓi kofin ta shiga ɗakin baya, na ji tana kuka a cikin ɗankwali. Ta sani, na san ta sani, ba wadda ta ce uffan. Na ɗauka sabulu kawai aka yi asara. Ban san akwai fuskar takwarata a ciki ba sai da Malama ta karanta min takardarki.

Na kira ta na ce don me kika ɗauki abin da ba naki ba. Ta ce nata ne, ita ta canza soda. Na ce wannan rabi ne, ina sauran rabin? Sai ta ce, Inna, in Auta ta yi fushi da ni shekara goma zan iya ɗauka. Ke in ta yi fushi da ke wata ɗaya ba za ki kai ƙarshen watan ba. Ka ji shashasha. Ita ke wanke ni lokacin da ba na iya juyawa, ita ke sa ni a bayanta zuwa bayan gida, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa kuskure min magani ba. Wannan ce kika ce ba za ki iya kallon fuskarta ba.

Fushinki nawa ne, ki kawo min abina. Ba na neman ki yafe yau. Amma ki gaya wa takwarata Kaka ba ta fushi da ita, Kaka ce ta yi laifi. In za ki iya, ki kawo min ita in ga abin da na yi da idona. In ba za ki iya ba, ba zan ce kin yi rashin biyayya ba.

Gwangwanin na sa an huda gindinsa da ƙusa, na rataye shi a ƙofar ɗakin baya. Kujerar kuma na ce a fitar da ita daga can.

Yayarki ba ta san na aiko wannan ba. Tun Asabar ba ta hura wutar tukunya ba, ta mayar wa mahauci kitsensa.

Mahaifiyarki

Auta, Malama ce. Na rubuta yadda ta faɗa. Sau biyu muka tsaya don ta kasa ci gaba. Na ga harshen da idona, har yanzu bai gama warkewa ba.

*

Alhamis

Yaya,

Salamu alaikum. Na ba wani mai zuwa wajenku wannan, ban iya jiran direba ba.

Takarda huɗu na yaga kafin wannan. Ban san da wane baki zan fara ba, don haka zan bari sai na zo in durƙusa a gabanki. Muna tafe ranar Asabar, ni da Takwara da babanta, kuma ba ɗaukar kowa za mu yi ba. Kada ki kuskura ki bar gidan.

Ki ce wa Inna na karanta. Abin da zan iya cewa ke nan yau. Ranar Asabar wataƙila in fi haka.

Na sayi sikeli ƙarami, yana cikin jakata. Ki koma wurin mahauci ki karɓo kitsenki. Na gaya wa Takwara Kaka ba ta fushi, sai ta ce to a yi mata wani kifin, amma marar haƙori. Inna ta sassaƙa. Ke za ki lasa, Yaya. In kin ce ya yi, ba zan sa nawa harshen ba.

Ƙanwarki,
Auta